Tambayoyi da Amsoshi kan Ƙungiyoyin Masu Rubuta Manhaja da Tarukan da Suke Yi

A manyan biranen duniya da yawa, da ƙananan garuruwan da ke da jami'a ko kamfanin fasaha, masu rubuta manhaja kan haɗu lokaci-lokaci domin su koya wa juna aiki, su kuma san juna. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da sababbin shiga suka fi yi, tare da wasu da suka shafi tsofaffin hannu masu tunanin kafa tasu ƙungiyar.

Mece ce ƙungiyar masu amfani da wata fasaha, kuma me ya bambanta ta da babban taro?

Tarin mutane ne waɗanda harshen kwamfuta ɗaya ko kayan aiki ɗaya ya haɗa su, kamar Python ko Java ko Linux ko WordPress, suka kuma amince su riƙa zama a kai a kai, galibi sau ɗaya a wata bayan an tashi daga aiki. 'Yan sa-kai ne ke tafiyar da ita, ba ta da ma'aikata masu albashi, kuma sau da yawa ba ta da ofis ko rajista da hukuma. Babban taro kuwa sau ɗaya ake yin sa a shekara, yana ɗaukar kwana biyu ko uku, ana sayen tikiti, ana kuma gayyato masu jawabi daga nesa. Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne maimaituwa. Wanda ka gani a babban taro mai yiwuwa ba za ka sake ganinsa ba, amma wanda kuke zama tare kowane wata zai san aikin da kake yi, zai tuna matsalar da ka kawo a zaman baya, kuma zai tambaye ka inda aka kwana.

Tun yaushe masu kwamfuta suka fara irin wannan haɗuwa?

Tun kafin a san kwamfutar da mutum zai ajiye a gidansa. A shekarar 1955 wasu ma'aikatan kamfanoni da ke amfani da manyan kwamfutocin IBM suka haɗu a yankin Los Anjeles na Amurka suka kafa ƙungiyar SHARE. Abin da ya tilasta musu shi ne, a wancan zamani kamfanin da ya ƙera na'ura ba ya ba da manhaja mai yawa tare da ita, saboda haka kowane kamfani sai ya zauna ya rubuta abubuwan da maƙwabcinsa ya riga ya rubuta. Suka ga asara ce, suka fara musayar abin da kowa ya haɗa. Ƙungiyar tana nan har yau. A 1961 masu amfani da kwamfutocin kamfanin DEC suka kafa tasu mai suna DECUS, a 1975 kuma masu amfani da Unix suka fara haɗuwar da ta zama USENIX.

Wadda ta fi shahara ita ce Homebrew Computer Club, wadda ta yi zamanta na farko a watan Maris na 1975 a garejin wani gida a Menlo Park da ke jihar Kalifoniya, inda mutane suka taru domin su ga Altair 8800, ƙaramar kwamfutar da ake saye a wargaje mutum ya harhaɗa da hannunsa. Steve Wozniak, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple, yana cikin masu zuwa, kuma a can ya nuna kwamfutar Apple I, yana ma raba zanen yadda ya haɗa ta ga duk mai so. A jaridar ƙungiyar ce aka buga buɗaɗɗiyar wasiƙar da Bill Gates ya rubuta a 1976 yana kokawa cewa 'yan ƙungiyoyi irin wannan suna kwafar manhajar kamfaninsa ba tare da biya ba. Wato gardamar da ake yi har gobe kan manhajar kyauta da ta sayarwa ta daɗe tana zagaye waɗannan zauruka.

Bayan Linus Torvalds ya fitar da Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a 1991, ƙungiyoyin masu amfani da shi suka bazu a ƙasashe da dama. Wani abin da aka san su da shi shi ne ranar ɗora Linux, inda mutum zai ɗauko kwamfutarsa ta tebur da allonta da wayoyinta ya kai wurin taro, gogaggu su taya shi fama da ita har ta tashi, domin a lokacin ɗora shi ba ƙaramin aiki ba ne. Java ta fito a 1995 ta haifi nata ƙungiyoyin, masu harshen Perl suka kafa Perl Mongers a ƙarshen shekarun 1990, sannan a 2002 aka buɗe dandalin Meetup a birnin Niyu Yok, wanda ya sauƙaƙa wa kowa sanar da taro da karɓar sunayen masu zuwa.

Yanzu da akwai darussan bidiyo da ƙirƙirarriyar basira, me mutum zai samu a taro wanda ba zai samu a ɗakinsa ba?

Idan ƙa'idojin harshen kwamfuta kawai mutum yake nema, gaskiya ita ce bidiyo da littafi sun fi taro, domin yana iya tsayar da su ya maimaita har ya gane, mai jawabi kuwa in ya wuce ya wuce. Wanda ya je taro da niyyar ya koyi Python daga farko a awa biyu zai dawo da takaici.

Abin da taro yake bayarwa wani iri ne na ilimi da ba a cika rubuta shi ba. Takardun bayanin da kamfani ya fitar za su faɗi yadda ake amfani da kayansa, amma ba za su faɗi cewa wani ya yi amfani da su shekara biyu sannan ya yi da-na-sani ba. Ba za su faɗi cewa rumbun bayanan da ke gudu lafiya da mutum dubu yana fara numfashi sama-sama idan masu amfani suka ninka, ko cewa sabunta sigar wani kayan aiki ya hana wata tawaga barci na mako guda ba. Irin wannan labari a baki yake yawo, domin mutane ba sa son wallafa faɗuwarsu a bainar jama'a, amma sukan faɗa wa wanda ke tsaye gabansu yana tambaya da ladabi.

Akwai kuma matsalar tambayar da mutum bai san ya kamata ya yi ba. Injin bincike da ƙirƙirarriyar basira suna amsa abin da aka tambaye su. Ɗan koyon da bai taɓa jin cewa ana rubuta gwaji na atomatik domin a riƙa bincika manhaja ba, ba zai taɓa tambayar yadda ake yi ba, zai ci gaba da danna kowane maɓalli da hannu duk lokacin da ya canza layi ɗaya. Ranar da ya zauna kusa da wani ya ga ya buga umarni ɗaya, gwaje-gwaje da yawa sun gudana cikin daƙiƙu kaɗan, wasu sun nuna kore ɗaya ya nuna ja, a ranar zai gane akwai ƙofar da bai san da ita ba. Kallon hannun gogagge yana aiki, yadda yake karanta saƙon kuskure daga ƙasa zuwa sama, yadda yake tsayawa ya duba tarihin canje-canje a Git, manhajar da ke ajiye wannan tarihi, kafin ya taɓa komai, darasi ne da bidiyon da aka tace ba ya nunawa, domin mai bidiyo yakan yanke wuraren da ya ruɗe, alhali a nan ne ainihin koyon yake.

Me ke faruwa a zama ɗaya daga farko zuwa ƙarshe?

Tsarin da aka fi bi shi ne a buɗe ƙofa kamar rabin awa kafin jawabi, mutane su shigo su rubuta sunayensu a ɗan kati su manna a ƙirji. Mai shirya taro zai yi maraba, ya gode wa wanda ya ba da wuri, ya tambayi waɗanda yau ne zuwansu na farko su ɗaga hannu. Sai jawabi ɗaya ko biyu na minti ashirin zuwa arba'in kowanne, a biyo da tambayoyi. Kusan kullum akan ɓata 'yan mintoci ana neman wayar da za ta haɗa kwamfutar mai jawabi da majigi, kuma idan ya yi ƙarfin halin rubuta manhaja kai tsaye a gaban jama'a, akwai yiwuwar wani abu ya ƙi aiki, wani daga bayan zaure ya ɗaga murya ya ce an manta rufe alamar baka a layi na goma sha biyu. Babu wanda yake ɗaukar wannan abin kunya. Wasu ƙungiyoyin sukan ware minti biyar na sanarwa, inda mai neman ma'aikaci da mai neman aiki kowa zai tashi ya faɗi buƙatarsa cikin jimla biyu.

Bayan an rufe ne mutane suke tsayawa rukuni-rukuni suna hira, kuma waɗanda suka daɗe suna zuwa sun san cewa wannan sashe ya fi jawabin amfani sau da yawa. Tun a Homebrew haka abin yake, domin zamansu yana da lokacin da kowa zai faɗi abin da yake da shi ko yake nema, sannan a saki mutane su nemi juna. Wanda ya tashi da zarar an tafa wa mai jawabi ya bar rabin abin da ya zo nema.

Ni sabon shiga ne, ban iya komai ba tukuna. Zuwa na ba zai zama ɓata lokaci ba?

Ba zai zama ba, muddin mutum ya daidaita tsammaninsa. A zaman farko mai yiwuwa ya fahimci kashi ɗaya cikin uku na abin da aka faɗa, ko ƙasa da haka. Dabarar ita ce ya riƙe takarda ya rubuta duk sunan da ya ji bai sani ba, in ya koma gida ya bincika biyu ko uku daga ciki. Bayan wata huɗu ko biyar zai tarar da sunayen sun fara maimaituwa, yana kuma iya bin zaren magana. Yana da kyau ya duba bayanin taron kafin ya je, domin masu shiryawa da yawa sukan rubuta ko jawabin na masu farawa ne ko na waɗanda suka yi nisa.

Kada kuma ya ɓoye cewa shi ɗan koyo ne. Yawancin masu zuwa irin wannan wuri mutane ne da ke jin daɗin bayani, kuma tambayar sabon shiga takan fito da abin da wasu a zauren suka daɗe suna jin nauyin tambaya.

Jawabi kawai ake yi, ko akwai wasu nau'o'in haɗuwa?

Akwai da dama, kuma wasu sun fi jawabi amfani ga mai koyo. Akwai bita, inda kowa yake zuwa da kwamfutarsa ana aiki mataki-mataki tare da masu zagayawa suna taimako. Akwai zaman karatu, inda ake zaɓar littafi ko kwas a riƙa bin babi ɗaya kowane mako. Akwai gajerun jawabai na minti biyar-biyar waɗanda suka shahara a tarukan Perl da Python, da kuma salon PechaKucha da aka fara a Tokiyo a 2003, inda mai magana yake da hotuna 20, kowanne na tsayawa daƙiƙa 20, ko ya gama ko bai gama ba hoton zai wuce.

Wani tsari mai ban sha'awa shi ne Coderetreat, wanda aka fara a 2009. Ana wuni ana aiki biyu-biyu kan matsala ɗaya, wato wasan ƙwayoyin rayuwa da masanin lissafi John Conway ya ƙirƙira a 1970. Kowane zagaye minti 45 ne, kuma idan lokaci ya cika sai kowa ya goge duk abin da ya rubuta, ya canza abokin aiki, a sake daga farko, wani lokaci da ƙarin sharaɗi mai wuya. Gogewar takan ɓata wa mutane rai a zagayen farko, amma ita ce hikimar abin, domin idan mutum ya san ba za a ajiye aikin ba, hankalinsa yakan bar gaggawar kammalawa ya koma kan yadda yake yin aikin.

Akwai kuma taron da ba a tsara masa jadawali tun da wuri, wanda BarCamp ya yaɗa tun daga na farko da aka yi a Palo Alto a 2005. Da safe ake ajiye allo mai ɗauke da ɗakuna da lokuta, duk mai abin faɗa ya rubuta takensa ya manna. Sai kuma hakaton, inda ake kwana ɗaya ko biyu ana gina wani abu. Masu OpenBSD, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, sun yi irinsa a Kalgari ta Kanada a 1999 domin su yi aiki tare a kan manhajarsu, amma a yau ya fi zama gasa mai kyaututtuka. Yana da kyau wajen sanin mutane da gwada sabon abu, sai dai abin da aka gina cikin rashin barci ba kasafai yake rayuwa bayan an tashi ba, kuma ya kamata mutum ya karanta sharuɗɗa ya ga wa zai mallaki abin da ya ƙirƙira.

Da gaske ana samun aiki ta hanyar waɗannan taruka?

Ana samu, amma ba ta yadda mutane suke zato ba. A 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya wallafa binciken da ya yi a kusa da birnin Boston kan yadda ma'aikata suka sami ayyukansu, ya gano cewa cikin waɗanda suka samu ta hanyar wani mutum, yawancinsu ta hannun wanda suke gani jefi-jefi ne, ba aminin da suke tare kullum ba. Dalilin a fili yake. Amininka ya san abin da ka sani, yana jin labarin da kake ji, amma wanda kuke haɗuwa sau ɗaya a wata yana aiki a wani kamfani, yana jin guraben da ba za su taɓa zuwa kunnenka ba. Ƙungiyar wata-wata tana tara irin waɗannan mutane da yawa a wuri ɗaya.

Sai dai mutum ba ya sa sunansa a gaban shugabansa domin wanda ya gani sau ɗaya. Wanda ya zo ranar farko yana raba takardar neman aiki ga duk wanda ya gaisa da shi, yakan bar mummunan suna. Wanda kuwa ya yi watanni yana zuwa, ya taya jera kujeru, ya amsa tambayar wani, ya taɓa nuna ɗan aikin da ya yi, shi ne ake tunawa idan gurbi ya buɗe. Zumunci a ƙafa yake, kuma a wannan sana'a ma haka ne. Babu laifi mutum ya faɗi cewa yana neman aiki, amma ya faɗi takamaiman abin da ya iya da irin aikin da yake so, domin a san inda za a tura shi.

Ta yaya ake gano ƙungiyar da ke kusa?

A nemi sunan harshen ko fasahar tare da sunan gari a Meetup ko Eventbrite ko LinkedIn. Manyan al'ummomi suna da jerin rassansu, misali Python da WordPress da Google Developer Groups. Sassan kimiyyar kwamfuta na jami'o'i da wuraren aikin haɗaka su ma sukan san abin da ke gudana. Kafin a tafi a duba ranar zama na ƙarshe, domin akwai ƙungiyoyi da yawa masu dubban sunaye a rajista waɗanda suka shekara ba su zauna ba.

Ana biyan kuɗin shiga? In ba a biya, wa yake ɗaukar nauyi?

Yawancin zaman wata-wata kyauta ne. Wani kamfani ko jami'a ko ɗakin karatu ne yake ba da zaure, wani kuma ya biya sauran hidimomi, a saka masa da ambaton sunansa da ɗan lokacin da zai faɗi cewa yana ɗaukar ma'aikata. A Meetup mai shirya taro ne yake biyan kuɗin dandalin, sau da yawa daga aljihunsa. Ko cikin manyan taruka akwai na kyauta, kamar FOSDEM da ake yi kowace shekara a jami'ar ULB da ke Brasels ta Beljiyam, wanda dubban masu buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa zai iya gani ya gyara, suke halarta ba tare da tikiti ko rajista ba.

Wasu ƙungiyoyin suna ƙarƙashin inuwar babban kamfani, kamar na Google da na Amazon Web Services. 'Yan sa-kai ne ke tafiyar da su, kamfanin kuma yana tallafawa da kayan koyarwa da masu jawabi, wani lokaci da kuɗi, kamar a tarukan DevFest na shekara-shekara na ƙungiyoyin Google. Wannan ba aibi ba ne, kuma ana koyon abubuwa masu amfani a can, amma mai hankali zai tuna cewa da wuya ya ji an yabi kayan abokin hamayya a irin wannan zaure. Alamar da ke nuna taro ya koma talla ita ce jawabi ya ƙare ba a nuna ko layi ɗaya na aiki ba, ba a kuma faɗi inda kayan suke da rauni ba.

Ina jin nauyin shiga cikin mutanen da ban sani ba. Akwai dabara?

Masu irin wannan hali suna da yawa a sana'ar, don haka mutum ba shi kaɗai ba ne a zauren. Zuwa da wuri yana taimakawa, domin gaisawa da mutum uku ya fi sauƙi a kan kutsawa cikin hamsin. Tambayar mai shirya taro ko akwai abin da za a taya shi tana ba mutum dalilin yin magana da kowa. Tambaya mafi sauƙi kuma ita ce, "A kan me kake aiki a kwanakin nan?", domin da wuya a sami mai rubuta manhaja da ba ya son a yi masa ita. Ga waɗanda suka riga suka saba kuwa, akwai ladabin da Eric Holscher ya yaɗa a tarukan Write the Docs na masu rubuta bayanin manhaja, wato idan ana tsaye a da'ira ana hira a bar giɓin mutum ɗaya a buɗe, in wani ya shigo a sake buɗa wani.

Yaushe ya kamata in gabatar da jawabina na farko?

Da wuri fiye da yadda yawancin mutane suke zato. Babbar matsalar masu shirya taro ita ce ƙarancin masu jawabi, saboda haka wanda ya ce yana da minti biyar ko goma da wuya a mayar da shi. Ba sai mutum ya zama gwani ba. Jawabin da ya fi tasiri a ƙaramin zaure shi ne wanda ya ce ga matsalar da na ci karo da ita, ga hanyoyi biyu da na gwada suka ƙi, ga wadda ta yi, ga kuma abin da har yanzu yake damuna. Wanda ya koyi abu watan jiya yakan fi wanda ya shekara goma a kai iya bayyana shi ga masu farawa, domin bai manta inda ake tuntuɓe ba.

A gwada jawabin da agogo aƙalla sau biyu, a ƙara girman rubutun allo yadda na kujerar baya zai iya karantawa, a kuma ɗauki bidiyon gwajin da za a nuna tun a gida, ko da intanet za ta yanke. Idan aka yi tambayar da mutum ba shi da amsarta, ya faɗi haka ya tambayi zauren, galibi akwai wanda ya sani.

Akwai abin da bai kamata a faɗa a taro ba?

Akwai. Ma'aikacin kamfani ya tambayi shugabansa kafin ya nuna aikin ofis, domin yarjejeniyar aikinsa na iya haramta hakan. Kafin a haɗa kwamfuta da majigi a rufe saƙonni, a tabbata babu kalmar sirri ko mabuɗin shiga ko bayanan abokan ciniki a kan allo, musamman in ana ɗaukar bidiyo. Abin da wani ya faɗa a hira game da matsalar wurin aikinsa amana ce, ba a kai shi kafafen sada zumunta da sunansa.

Mata fa? Kuma me ake yi idan wani ya ci zarafin wani?

A tarukan fasaha da yawa maza sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma macen da ta shiga zaure ta tarar ita kaɗai ce tana iya ƙin dawowa ko da ba wanda ya faɗa mata komai. Wannan ya sa aka kafa ƙungiyoyi na musamman. Rails Girls ta fara a Helsinki a 2010, PyLadies a Los Anjeles a 2011, Django Girls kuma a Barlin a 2014, da bitar wuni ɗaya kyauta inda mai farawa take gina shafin intanet na farko da taimakon mai koyarwa. Sun bazu a ƙasashe masu yawa. Sai dai dogaro da tallafin kamfanoni yana da haɗari, kamar yadda aka gani a 2024 lokacin da Women Who Code, wadda ke da rassa a ƙasashe da dama, ta rufe saboda ƙarancin kuɗi.

Ƙungiyar kirki tana da rubutacciyar ƙa'idar ɗa'a da ke bayyana abin da ba a yarda da shi ba, da wanda za a kai wa ƙara, da matakin da za a ɗauka. Rubutun kaɗai ba ya wadatarwa. Abin dubawa shi ne ko akwai fiye da mutum ɗaya da za a iya kai wa ƙara, domin wata rana wanda ake ƙara yana iya zama shi ne mai karɓar ƙarar, da kuma ko masu shiryawa za su iya sallamar mutum ko da fitacce ne ko ma'aikacin mai ɗaukar nauyi.

Taron intanet yana iya maye gurbin na ido da ido?

Annobar korona ta 2020 ta tilasta gwada wannan, har FOSDEM ya koma intanet a 2021 da 2022 kafin ya dawo zaure a 2023. An ga amfaninsa, domin wanda yake nesa, da mai lalura, da mai reno duk sun samu shiga, kuma ana iya gayyato mai jawabi daga kowace ƙasa ba tare da kuɗin jirgi ba. Abin da ya ɓace shi ne hirar bayan taro, domin a Zoom mutum ɗaya ne yake magana a lokaci guda, kuma da an rufe kowa ya watse. Ga wanda ba shi da ƙungiya a kusa, na intanet ya fi babu, musamman ƙaramin zaman karatu na mutum biyar ko shida da suke kunna kyamara suna aiki tare. Haɗa biyun a lokaci ɗaya shi ya fi wuya, domin in ba a ware mutum mai kula da lasifika da tambayoyin na nesa ba, sukan zama 'yan kallo kawai.

Babu ƙungiya a inda nake. Yaya ake kafa ta?

Da mutum biyu ko uku, da rana tsayayya, da wurin da ke da wuta da intanet da kujeru. A zaɓi rana kamar Talatar biyu ta kowane wata a riƙe ta, domin mutane su saba ba sai sun jira sanarwa ba. A shirya batutuwan zama uku na farko tun kafin a sanar da na ɗaya, kuma masu kafawa su kasance a shirye su yi jawabin da kansu. A ƙaramin gari ya fi kyau a faɗaɗa batun ya haɗa duk masu rubuta manhaja maimakon a taƙaita shi ga harshe ɗaya. A taron kyauta, kaso mai yawa na waɗanda suka yi rajista ba sa zuwa, saboda haka kada a karaya idan mutum shida suka zo alhali talatin suka ba da suna. In babu mai jawabi a wani watan, kada a soke zama, a mayar da shi na aiki tare ko na kawo matsala a warware.

Me yake kashe ƙungiya?

Mafi yawa gajiyar mai shiryawa. Idan mutum ɗaya ne yake neman zaure, yake roƙon masu jawabi, yake sanarwa, yake kuma kulle ƙofa, to ranar da ya canza aiki ko ya ƙaura ko ya sami ƙaruwa a gida, ƙungiyar ta tsaya. Maganin shi ne a raba aiki tun kafin a gaji, a kuma tabbata aƙalla mutum biyu suna da ikon shiga asusun ƙungiyar na dandalin sanarwa da jerin lambobin masu ba da wuri. Abu na biyu shi ne tsofaffin membobi su zama gungun da baƙo ba ya iya kutsawa, su riƙa raha da abin da su kaɗai suka gane, har sababbi su daina dawowa. Akwai kuma mutuwar da ba laifin kowa ba ce, wato fasahar da ta haɗa mutane ta daina tashe. Homebrew ta rufe a 1986 bayan kwamfuta ta zama kayan da ake saya a kanti a haɗe. A irin wannan hali ƙungiyoyi da yawa sukan faɗaɗa batunsu, ko su haɗe da wata da ke kusa, ko su sanar da zaman ƙarshe su miƙa wa membobi sunayen sauran ƙungiyoyin da ke zama a garin.